Mudun auna zaman aure: laccar da aka gabatar a Jos

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Abu uku zan taɓo, in lokaci ya bari.

Na farko, mudu. Duk mai zuwa awon masara a kasuwar Katako ya san mudun da aka bubbuga wa gindi. Ka auna yau, ka auna gobe, abu ɗaya zai ba ka, amma bai cika ba. Haka takardar tambayoyin auna halayya take. A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Lee Cronbach ya fito da lissafin alfa, mai nuna ko tambayoyin bakinsu ɗaya. Ɗalibanmu da sun ga alfa ya kai 0.7, makin da ake ɗauka ya isa, sai murna. Bakinsu ɗaya, na yarda, amma me suka auna?

Ku dubi ma'aunin zaman aure da Graham Spanier ya tsara a Amurka a 1976, mai ɗauke da tambayoyi 32. A ciki har da wadda ke cewa, kina sumbatar mijinki? Na taɓa karanta wa wata dattijuwa ita. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ɗan nan, wannan wace irin magana ce?" Matar da ko sunan mijin ba ta faɗa, sai dai "Malam"! Shekara talatin suna tare lafiya lau, ita ke tashi ta ɗora masa ruwan alwala lokacin sanyin Jos ɗin nan da kuka sani. Takarda kuma ta rage mata maki. Kunya muka auna, jama'a. Kunya! Abin nan ya daɗe yana damuna. Kuma duk cikin 32 ɗin babu tambaya ko ɗaya a kan kishiya ko rabon kwana.

Na uku... au, na biyu ko? Fassara. A mai da tambayoyin Hausa, wani daban ya mayar Turanci, a kwatanta da na asali. Wannan kun san shi.

Na'am, Hajiya?

(Wata ta tambaya ko a watsar da ma'aunan waje gaba ɗaya.)

A'a, Hajiya, ba a watsar ba. A fara dai da zama da mata a tsakar gida, mace ta yi tambayar, maigida ba ya nan. A ce, me ke nuna miki yana kula da ke? Za ki ji cefane, za ki ji zuwa gaida iyayenta, za ki ji jinya. Daga bakinsu za a rubuta tambayoyin, sannan a gwada a Gangare, a sake gwadawa a Bukuru.