Jawabin Maraba ga Kwamanda, Tsohon Matuƙin Ƙananan Jirage, Ranar da Ya Dawo Damagaram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamanin Sarki. Wakilin Gwamna, malamanmu, iyayenmu mata, ma'aikatan filin jirgi na jiya da na yau, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babban baƙonmu, Kwamanda, ranka ya daɗe, lale marhabin. Sannu da zuwa, sannu da hanya. Ƴan'uwana tsofaffin ma'aikatan filin nan ne suka ɗora mini wannan nauyi, suka ce tunda ni na fi kowa zuba maka mai a fiffike, ni ya kamata in tarbe ka da baki. Na karɓa hannu bibbiyu. Ɗazu da ka sauko daga jirgin Yamai kana dogara sanda, na ga ka tsaya a gindin matakala, kafin ka miƙa wa kowa hannu sai da ka ɗaga kai ka dubi jakar yadin nan mai ja da fari da ke nuna inda iska ta dosa. Na taɓa na kusa da ni na ce masa, wallahi shi ne, bai sake ba. Shekara talatin da ɗoriya rabonka da garin nan, amma idonka bai manta aikinsa ba.

Garin da ka sauka ya saba da baƙin nesa. Tun zamanin Sarki Tanimu ayarin Tarabulus da na Abzin suke sauke kaya a Zango kafin su wuce Kano. Nan ne babban birnin ƙasa har 1926, lokacin da Turawan Faransa suka mayar da shi Yamai. A shekarun 1930 jiragen da ke tashi daga Aljer zuwa Kwango sukan ya da zango a Gao da Yamai da Zinder kafin su nufi Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena a yau. Bayan samun ƴanci, kamfanin Air Niger da aka kafa a 1966 ya riƙa kawo mana jirginsa DC-3, yara su bi ƙararsa da gudu daga Birni har bakin waya. Wannan duk yana rubuce, mai nema zai samu. Abin da ya tara mu yau shi ne wanda ba a rubuta ba, wato ƙananan jiragen haya masu kujera huɗu ko shida, da mazajen da suka tuƙa su zuwa inda mota ke jin tsoro.

Yaran yanzu idan aka ce kamfanin jirgi sai su zaci wani dogon bene ne. A zamaninku kamfani na iya zama jirgi biyu, bakanike ɗaya, da ofishin da bai fi shagon tela ba. Mai kamfanin shi ne matuƙi, shi ne mai lissafi, wani zubin shi ke ɗaure kaya da igiya. Amma dubi waɗanda suka dogara da ku: masu haƙar rijiyoyi, likitocin dabbobi, masu binciken ma'adinai da man fetur, ma'aikatan agaji da suka cika ƙasar nan bayan yunwar 1973 da 1974, da masu rigakafi waɗanda allurarsu ke lalacewa idan ƙanƙarar akwati ta narke a hanya. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne a mota. Daga nan zuwa Bilma a miƙe ta sama kusan kilomita 700 ne, tafiyar da ƙaramin jirgi irin Cessna 206 ke yi cikin kamar awa uku, alhali kamiyo sai ya zagaya ta Agadas ya kwana nawa yana fama da rairayi, ayarin gishiri kuwa makonni yake yi. Gure, Tanut, Maine-Soroa, Difa, Gigimi, Dirku, kowane yana da ɗan filinsa, wani jar ƙasa aka daddaɓe, wani fako ne kawai aka share aka jera duwatsu masu farar ƙasa a gefe.

Ranka ya daɗe, bari in tuna maka asubarmu, don ita ce ba ta fita raina. Muna idar da salla za mu gangaro da tano mai cin lita 200, mu tsayar da shi ya huta don dattin ciki ya kwanta. Man jirgi mai launi ne, wani zubin shuɗi, wani zubin kore. Ni in hau tsani da mazurari, in shimfiɗa fatar tacewa a bakinsa, yaro yana ƙasa yana juya famfon hannu. Idan na gama, kai da kanka za ka zo da ɗan kwalbarka ka tatsi mai daga ƙarƙashin kowane fiffike, ka ɗaga shi ka duba a hasken tocila. Ruwa ya fi mai nauyi, idan akwai shi sai ya kwanta a gindin kwalba kamar ƙwayar tsakiya. Ba ka taɓa barin wani ya yi maka wannan duban ba, ko da kuwa ni ne, kuma ban taɓa jin haushi ba, don na san ɗigon ruwa ɗaya a inji a tsakiyar hamadar Tenere ya isa ya mayar da mata zawarawa.

Daga nan sai sikeli. Kowa sai ya hau, babba da yaro, mai rawani da mai hula, sannan a auna kaya. Na tuna wani attajiri da ya yi hayar jirgi zuwa Dirku a watan bazara, ya zo da buhun sukari biyu bayan an riga an rufe lissafi. Ya roƙa, ya yi faɗa, ya ce zai ƙara kuɗi. Ka zaunar da shi cikin ladabi ka yi masa bayani cewa idan rana ta take, iska takan yi shara-shara, fiffike ba ya samun abin kamawa, inji ma ƙarfinsa yakan ragu, titin da ya ishe ka da asuba ba zai ishe ka da azahar ba. Sai ya nuna bido biyu na ruwa da ke bayan kujera ya ce to a sauke waɗancan. Ka ce masa sukari ya sauka, ruwa ba ya sauka. Buhunan suka kwana uku a ɗakina har wata mota ta tafi da su. Har yau idan muna so mu ce abu ba ya taɓuwa, mu tsofaffin filin nan cewa muke ruwan Kwamanda ne.

A lokacin babu na'urar tauraron ɗan'adam da ke nuna wa mutum inda yake. Taswira ce a kan cinya, da kamfas, da agogo, da fensir a bayan kunne. Na'urar rediyon da ke jan jirgi zuwa fili tana aiki ne idan an matso gari. Can ciki kuwa sai ido. Kun haddace ƙasar nan kamar yadda madugun ayari ya haddace ta: duwatsun Kutus arewa da Gure, baƙin dutsen Termit da ke fitowa daga cikin farin rairayi, dogon gaɓar Kawar da dabinonta a ƙarƙashi, da manyan duwatsun nan namu da ke gaya wa mai dawowa cewa ya iso gida. Ni a ganina ku da madugai sana'arku ɗaya, shi ya sa Buzaye da Tubawa suke girmama ku irin girman da ba sa bai wa kowane baƙo.

Akwai daren da nake so jama'a su ji daga bakina. Lokacin hunturu ne. Aka aiko cewa rijiya ta rufta da wani mai haƙa can arewa da Gure, an ciro shi da rai amma ƙafarsa ta farfashe. Ka cire kujeru biyu, ka ɗauki malamin asibiti ɗaya, kuka tashi da hantsi. Kuna can hazo ya sauko, irin wanda mutum ba ya hango ƙarshen titin jirgi. Wajen la'asar muka ji muryarka cikin ƙarar rediyo kana cewa kun taso amma ba ka ganin ƙasa sosai. Daga nan shiru. Ni na zuba man da ke jirgin, saboda haka na san ƙarfe nawa zai ƙare, kuma ina kallon agogon bango har lokacin ya zo ya wuce. Duk da haka muka jera gwangwanaye da tsumma da kananzir a gefen titi muka kunna, motoci biyu suka haska fitilunsu. Bakanikenka, Allah ya jiƙansa, ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin rediyo, bai runtsa ba, carbi yake ja har aka kira assalatu. Gari na wayewa sai ga muryarka. Ashe da ka ga hazon ya fi ƙarfin ido, ka sami fako kusa da wata rijiya ka sauka tun da sauran haske da sauran mai, ka kashe rediyo don kada batir ya mutu, ka toshe bakin inji da tsumma saboda ƙura, kuka ɗaure jirgin da buhunan da kuka cika da rairayi. Makiyaya suka kawo muku nonon raƙumi da shayi, suka hura wuta kusa da majinyacin saboda sanyi. Da hantsi kuka sauka a nan. Mai haƙar rijiyar ya rasa ƙafa, amma bai rasa rai ba. Ga shi can a layi na biyu, da sandunansa. Jiya ya taso daga Gure da jikansa, ya ce ko da rarrafe ne sai ya zo.

A shekarar farin dango, 1988, mun ga wasu irin mazajen kuma, masu feshi, suna tafiya ƙasa-ƙasa har kamar za su shafi kan gero, su sauko jikinsu duk warin magani, su sha ruwa su koma. Manoman Damargu ba su san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ba kowa ne ya dawo ba, ranka ya daɗe, ka fi ni sani. Duniya ta ji labarin jirgin fasinja na kamfanin Faransa UTA da aka tarwatsa a sararin Tenere ranar 19 ga Satumba 1989 da mutum 170 a ciki, an kuma yi musu abin tunawa a wurin. Ta ji rasuwar jagoran Buzaye Mano Dayak a ƙaramin jirgi cikin duwatsun Abzin ranar 15 ga Disamba 1995, ga filin jirgin Agadas yana ɗauke da sunansa. Amma akwai abokan aikinku da namu waɗanda babu allo ko ɗaya da ke ɗauke da sunansu. Akwai kuma waɗanda suka rayu suka tsufa hannu wofi. Wani kamfanin da wasunmu suka yi wa aiki shekara da shekaru ya rufe dare ɗaya, aka kwashe jirage, aka bar kanikawa da masu gadi babu sallama, babu ko takardar da za su nuna cewa sun taɓa aiki. Wannan ciwon yana nan, ba zan ɓoye maka shi don yau ranar murna ce ba.

Mun gode Allah da abin da aka samu. Filinmu ya sami gyara lokacin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018 da aka yi a garin nan. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya suna zirga-zirga a ƙasar nan tun 2008. Makarantar EAMAC da ke Yamai tana horar da masu kula da sararin sama da masu duba yanayi daga ƙasashen Afirka da dama, kuma akwai ƴaƴanmu a cikinsu. Sai dai wasu ƙananan filayen da kuka sauka a kansu rairayi ya cinye, wasu an yi gona a kai, kuma har gobe mace mai doguwar naƙuda a can cikin daji bayan mota ake shimfiɗa ta a yi ta gwagwarmaya da hanya.

Don haka muna da roƙo biyu, kuma mun san maganarka tana da nauyi a wurin waɗanda ke yanke shawara. Ka tuna musu da waɗannan filaye. Share fako da jera duwatsu da ɗaukar mai gadi ɗaya ba abu ne mai cin dukiya ba. Sannan ka ba mu kwana biyu daga cikin kwanakinka, ka zauna da ɗaliban jami'armu ta Zinder da na'urar ɗaukar murya, ka buɗe musu littafin da kake rubuta tafiye-tafiyenka, ka faɗi sunayen waɗanda kuka yi aiki tare, matuƙa da kanikawa da masu rediyo da masu korar awaki daga titi. Mu ma za mu faɗi namu. Cikin waɗanda suka kunna gwangwanayen wancan dare, mu uku muka rage.

Masaukinka yana Birni, an share an shimfiɗa. Bayan la'asar za mu raka ka fada ka yi gaisuwa. Gobe Alhamis ranar kasuwa ce, masu kilishi da dukawa sun ce kada mu kuskura mu wuce da kai ba ka tsaya ba. Amma kafin duk wannan, iyalin bakanikenka suna Zango suna jira. Matarsa ta ajiye akwatin sifanoninsa yadda ya bar shi, ta ce babu mai buɗe shi sai kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da kai gida lafiya. Malam, bismillah, a yi mana addu'a. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.