Ranar da Filadelfiya ta miƙe tana tafa wa wanda ya gaza

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ba na ƙwallon ƙafa ba ne, amma don Allah kar a murɗa rediyo tukuna, Amurka za mu leƙa wajen wasan besbol, wannan da wani ke wurgo ƙwallo wani kuma yana riƙe da kulki yana jira ya maka mata ya sheƙa da gudu. Abin da ya ja hankalina shi ne halin da magoya baya ke shiga idan gwaninsu da aka narka wa kuɗi ya wayi gari kulkinsa ya daina haɗuwa da ƙwallo, kuma wanda zan rataya maganar a wuyansa shi ne Trea Turner na ƙungiyar Phillies ta birnin Filadelfiya, a kakar 2023.

Bari in ɗan share fage saboda wanda bai taɓa kallon wasan ba. Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18 ne da ɗan ɗoriya, ƙwallon kuma takan fito da gudun kilomita 150 a awa ko ma fiye, wato ko rabin daƙiƙa ba ta yi ta iso, kuma ba kullum take zuwa a miƙe ba, wata ta lanƙwashe, wata sai ta zo dab da kai ta nutse ƙasa. Shi ya sa a wannan wasa wanda ya yi bugu mai kyau sau 3 cikin 10 gwani ne na gaske, su suna rubuta shi .300, to ku duba fa, gwanin ma sau 7 yake komawa benci hannu rabbana. Wanda kuma yake kan .235 ana masa kallon ya lalace. In ka zauna ka lissafa, cikin dama 100 wancan ya samu 30 wannan ya samu 23 ko 24, bugu shida ko bakwai ne kacal tsakanin a ɗaga ka sama da a yi maka ature. Ga wasan kusan kullum ake yin sa, wasa 162 a kaka ɗaya, babu wani sati guda na hutu da mutum zai je ya huce, jiya ka kasa yau ma ga ka a gaban jama'a.

To shi Turner ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Ya ci kofin World Series, wato kofin zakarun babbar gasar besbol ta Amurka, da Washington Nationals a 2019, a 2021 shi ya fi kowa yawan bugu mai kyau a rukunin National League da .328, ga gudu kamar barewa. A watan Disambar 2022 Phillies, waɗanda ba su daɗe da shan kashi a wasan ƙarshe a hannun Houston Astros ba, suka ba shi kwantiragin shekara 11 kan dala miliyan 300, kun ga sama da miliyan 27 kenan a shekara, in ka raba da wasannin kaka ya haura dala dubu 160 a kowane wasa, ko ya buga ko bai buga ba. Sai kuma a watan Maris na 2023 ya je ya buga wa Amurka gasar ƙasashen duniya ya dinga cilla ƙwallo bayan katangar fili, bugun da ke kawo maki kai tsaye, har sau 5, ciki har da wadda ya yi wa Venezuela a Miami lokacin duk tashoshi ukun da mai bugu ke zagayawa kafin ya dawo gida ya ci maki cike suke da 'yan wasansu, maki huɗu rigis. Mutanen Filadelfiya suka ce shikenan, kakarsu ta yanke saƙa.

Aka fara kaka shiru. Afrilu ta wuce, Mayu ta shigo, mutum yana ta kai wa iska duka. Abin da ya fi ƙona wa masu kallo rai ba rashin sa'a ba ne, yadda yake bin ƙwallon da ta yi waje can nesa da shi, wadda da ya ƙyale ta ma riba zai samu, sai ka ga ya miƙa kulki kamar mai kakkaɓo mangwaro, su kuma masu jifa ai ba wawaye ba ne, da sun gane kana cin wannan tarkon ba za su ƙara ba ka mai kyau ba. A wajen tsaro ma, don shi ke tsare tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ƙwallo ta fara suɓuce masa. Aka fara yi masa ihu a filinsu na Citizens Bank Park. Akwai wani wasa a ƙarshen Mayu da Arizona da aka yi masa ihu sosai bayan ya kasa, daga baya a zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe in ba a yi kunnen doki ba, ya cilla ta bayan katanga ya farke, da aka tashi shi da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa mahaifiyarsa ta turo masa saƙo ta ce ita ma tana cikin masu yi masa ihun. Kai jama'a, in uwarka ta shiga layin masu ature ai magana ta ƙare.

Kuma a san wane gari ake magana. Filadelfiya sun yi ƙaurin suna wajen rashin ɗaga ƙafa, su ne a Disambar 1968 a wani wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Eagles suka rufe wanda ya yi shigar Baban Kirsimeti da jifa da curin ƙanƙara, har yau da wannan ake musu gori. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon bal ranar da ɗan wasan gaba mai tsada ya zubar da ƙwallo a gaban raga ya san irin bakin da nake nufi, sai dai nasu mutum dubu 40 da wani abu ne a wuri ɗaya.

Ranar 2 ga Agusta abin ya kai maƙura. Suna Miami, ya shiga sau 5 bai samu ko ɗaya ba, sannan a zagaye na 11 ƙwallon da ya kamata ya tare wasa ya ƙare ta wuce shi, aka farke, aka cinye su 9 da 8 a zagaye na 12. Ya fito ya ce shi ne sanadin faɗuwarsu, kuma maimakon ya tafi masauki sai ya koma kejin atisaye yana ta dukan ƙwallo har tsakar dare. Kocinsu Rob Thomson ya riga ya sauko da shi can ƙasa a jerin masu bugu har zuwa na takwas, mutumin dala miliyan 300 fa. Lokacin yana kan .235 bayan wasa 107, ƙwallon da ya tsallakar da katanga 10 kacal.

A nan ne wani ma'aikacin gidan rediyon wasanni na garin, tashar WIP, ya kawo shawarar da a farko ta yi kama da zolaya, wai tunda ihun bai yi magani ba me zai hana a gwada tafi. Maganar ta bazu a intanet, wasu suka ce wannan shagwaɓa ce, ya za a yi a tafa wa mai kwasar kuɗi yana barci. Ranar Juma'a 4 ga Agusta, wasa da Kansas City Royals, da aka kira sunansa sai fili ya miƙe tsaye ana tafi ana kiran sunansa, kuma ba sau ɗaya ba, duk shigowar da ya yi a daren. Ya samu bugu ɗaya da ya kawo maki, amma fa an cinye su a wasan, wannan ɓangaren masu ba da labari sukan tsallake shi. Washegari ya cilla ta bayan katanga ya kwaso maki uku suka ci wasa. Daga ranar tafin zuwa ƙarshen kaka, wasa 48, ya buga .337 ya tsallakar da 16, wato a ƙasa da rabin wasannin ya zarce abin da ya yi a wata huɗu. Har allunan talla ya kama haya a cikin gari yana gode wa mutanen Filadelfiya.

Labari mai daɗi, ban musa ba, ni ma duk lokacin da na ga hoton bidiyon sai tsigar jikina ta tashi. Amma a nan nake rabuwa da masu cewa tafi ne ya warkar da shi. Ni a ganina faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Mutumin da ya shafe shekaru yana buga kusan .300, yana da shekara 30 a duniya, babu wani ciwo da ya kwantar da shi, ko an tafa ko ba a tafa ba lissafi na nuna zai dawo kusa da inda ya saba, don wata huɗu na rashin kyau ba sa goge shekara bakwai na ƙwarewa. Kuma akwai alamar da ke nuna jikin bai tafi ba tun ana tsakiyar ihun: ƙafarsa. A kakar nan sau 30 ya saci tasha, wato ya ruga daga wannan tasha zuwa ta gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba, ba a kama shi ko sau ɗaya ba. Wanda tsufa ya cim masa ba ya wannan. Matsalar tana ido da zuciya, gaggawa ce ta mutumin da ke son ya biya bashin miliyan 300 da bugu ɗaya, to idan tafin ya yi wani abu, iyakarsa ya sauke masa wannan dutsen daga ƙirji ya samu ya numfasa ya daina bin ƙwallon banza. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, na yarda, amma ba shi ya koya masa riƙe kulki ba.

In kuna son shaida ku dubi Aaron Judge na New York Yankees, wanda ya tsallakar da 62 a 2022. A Afrilun 2024 ya faɗa irin wannan rami, ko .200 bai kai ba, ranar 20 ga wata kuma, ranar da ƙungiyar ke raba wa 'yan kallo 'yar tsanarsa don girmama shi, mai jifa ya fitar da shi sau huɗu bai taɓa ƙwallo ta kirki ba, mutanensa suka yi masa ihu a gidansa. Babu wanda ya shirya masa tafi. Ya ƙare kakar da .322 da 58 a bayan katanga, aka ba shi gwarzon shekara. Shi an yi masa ihu ya dawo, wancan an tafa masa ya dawo.

To me ya sa magoya baya ke tsorata haka tunda gwanaye na dawowa? Saboda ba duka ke dawowa ba, kuma duk mai bin besbol yana da sunan da ke hana shi barci, Chris Davis na Baltimore Orioles. Wannan bawan Allah ya tsallakar da 53 a 2013, ya ƙara 47 a 2015, ƙungiyar ta ɗaure shi da kwantiragin shekara 7 kan dala miliyan 161, daga nan sai gangara, .221, sai .215, a 2018 ya faɗo .168, sannan daga Satumbar 2018 zuwa 13 ga Afrilun 2019 ya shiga sau 54 a jere bai samu bugu ko ɗaya ba, abin da ba a taɓa gani ba ga mai bugu a tarihin babbar gasar. Kowace shekara ana cewa bana zai farfaɗo, bai farfaɗo ba har ya ajiye kulki a 2021, kuɗin kuma a besbol tabbatattu ne, sai an biya. Wannan shi ne abin da ke cin mai goyon baya a rai lokacin da yake zaune a watan Yuli yana kallon tauraronsa na dukan iska, ba wasan daren ne damuwarsa ba, tambayarsa ita ce wannan zazzaɓin kwana biyu ne ko kuwa ciwon ajali ne, kuma da ido daga kan kujera ba ka iya bambancewa, don duka biyun iri ɗaya suke tafiya su koma benci kai a sunkuye. Na Davis dai ya daɗe yana ba da sanarwa, tun yana ganiyarsa ana fitar da shi fiye da sau 200 a kaka, ƙarfi kawai ke rufa masa asiri, ranar da ƙarfin ya ragu babu abin da zai koma kai. Turner yana da gudu, yana da tarihin haɗa kulki da ƙwallo, shi ya sa nake ganin tsoron mutanen Filadelfiya ya wuce kima a 2023 ɗin, duk da ban ga laifinsu ba, wanda maciji ya sari maƙwabcinsa in ya ga tsumma dole ya yi tsalle.

Kuma kar a ɗauka tafin ya kai su ga kofi. A Oktoban shekarar suna gaba da Arizona 3 da 2 a wasannin neman zuwa World Series, saura wasa biyu duk a gidansu, a gaban mutanen nan dai masu tafi, kulakan manyansu suka yi sanyi lokaci guda aka cinye su duka biyun. A 2025 Turner ya sake zama na ɗaya a National League da .304, adadi mafi ƙanƙanta da aka taɓa cin wannan kambu da shi a rukunin, wanda ke nuna muku yadda jifa ya ƙara wuya a zamanin nan. Kwantiragin nasa sai ƙarshen 2033 zai ƙare, lokacin yana da shekara 40, kuma ni dai ban san mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku da gudunsa ya raka shi har 40 ba tare da ya rage ba, don haka mutanen Filadelfiya su adana maƙogwaro da tafin hannu duka, akwai sauran aiki a gaba. Mu je ga sauran labaran wasanni.