Jawabin maraba ga mai girma Kwamishina daga manoman kofi na tsaunin Mambila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa, iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, malamai da fastoci, iyayenmu mata, 'yan uwa manoma, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin juna lafiya.

Ranka ya daɗe sannu da hanya, sannu da sanyi. Duk wanda ya baro Serti ya hawo kwane-kwanen nan har ya iso Gembu ya san ba don yawon buɗe ido ya zo ba, mun gode Allah ya saka da alheri. Ni dai 'yan uwa ne suka wakilto ni in yi magana da yawunsu, in na yi tsawo a yi haƙuri, abin ne ya daɗe yana cin mu.

Yallaɓai kofin da ke tsaunin nan arabika ne, irin wanda ba ya yi sai a tudu mai sanyi, kuma Allah ya ba mu tudun, mita wajen 1,600 sama da teku. Iyayenmu sun yi makaranta da kuɗinsa, wasu da shi suka yi aure suka yi rufin kwano. Har tashar bincike ta CRIN, cibiyar binciken koko da kofi ta ƙasa, muna da ita a Kusuku. Toh amma tunda aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, sannan tsarin kason da ke riƙe farashin kofi a duniya ya watse a 1989, sai kowa ya kama gabansa, a 2001 farashi ya faɗi ƙasa da santi 50 na dalar Amurka kan laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, mutane da yawa suka sare bishiyoyinsu suka shuka masara, kuma wallahi ba za ka ga laifinsu ba, yara ba za su ci ganye ba.

Yanzu kuma ga sabon zance ya shigo, masu saye daga Turai sun ce ba sa son kofin da aka yi zalunci a nomansa, suna so su san gonar da ya fito, waye ya tsinka, nawa aka biya shi, an sare daji ko ba a sare ba. Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 cewa kofi da koko da wasu kayan ba za su shiga kasuwarta ba in an noma su a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020, kuma kowace gona sai an ɗauki lambar taswirarta da na'ura. An ɗage fara aiki da dokar, amma tana nan tafe. Mu fa ba mu ƙi ba. Shi kofi ma inuwa yake so, ƙarƙashin ayaba da fiya da manyan itatuwa ya fi yin kyau, kuma mu da muke kusa da dajin Ngel Nyaki mun san inda aka sare kurmi rafi ke ƙafewa da rani. Tambayarmu ɗaya ce, waye zai biya kuɗin wannan gyaran?

Bari in ɗan nuna yadda aikin yake, don wanda ke shan kofi a Abuja ko Landan bai gani. Ka dasa bishiya ka jira shekara uku zuwa huɗu kafin ta ba ka komai. In ta yi 'ya'ya ba sa nuna tare, a reshe ɗaya za ka ga ja da ɗanye, sai mace ta bi da hannu tana tsince jajayen ɗaya bayan ɗaya, ta dawo bayan kwanaki ta sake bi, yatsu duk sun ƙage da sanyin safe. A ranar za a ɓare a jiƙa a wanke, sannan shanya, kuma shanya a nan ita ce jarabawa, hazo ya sauko ko ruwa ya tsuge a ruga a kwashe, in ya yi fumfuna shikenan an yi asara. Kilo biyar ko shida na jan 'ya'ya ne ke ba da kilo ɗaya na tsaba. Bayan duk wannan sai dillali ya zo da sikelinsa, shi zai auna shi zai faɗi farashi, wani ma tun da damina ya ba ka bashi lokacin da kuɗin makaranta ya matse ka, don haka kofin nasa ne tun yana kan bishiya. Wanda ya tsince jajaye zalla da wanda ya tsige duka ya haɗa kuɗinsu ɗaya, toh don me mutum zai wahalar da kansa? A farkon 2025 mun ji a rediyo farashin arabika ya haura dala 4 kan laba a kasuwar New York, mu nan sai dai labari.

Ana ta mana zancen takardar shaida ta Fairtrade, wadda ke nuna an sayi kaya ba tare da an cuci manomi ba, kuma tsarin ba laifi, a 2023 sun sa mafi ƙarancin farashinsu na wankakken arabika dala 1 da santi 80 kan laba, da ƙarin santi 20 da ke shiga asusun ƙungiya a yi rijiya ko aji da shi. Sai dai kafin ka samu sai kana da ƙungiya mai rajista da littattafai tsaf, sai an biya masu zuwa bincike, mu kuwa mafi yawanmu gonar ba ta taka kara ta karya ba. Maganar sa yara aiki ma a gaya wa juna gaskiya, yaro ya taya uwarsa ɗaukar kwando bayan an tashi makaranta daban, a cire shi daga aji wata guda saboda tsinka daban, na biyun mun yarda ba daidai ba ne kuma muna tsawata wa junanmu, amma uban da bai da kuɗin ɗaukar lebura wa'azi kaɗai ba zai hana shi ba.

Don haka ranka ya daɗe ga kokenmu. A turo mana malaman gona da na'ura su auna gonakinmu a sa su a taswira, sunan kowa da filinsa, wannan ya fi ƙarfin manomi ɗaya, kuma in ba a yi ba ko kofinmu ya fi na kowa daɗi ba zai shiga Turai ba. A taimaka mana da injin ɓara da gadajen shanya masu rufi da sikeli na ƙungiya wanda kowa zai ga allurarsa da idonsa. Sai sabon iri, don bishiyoyinmu da yawa sun girmi masu su. In kuma masu saye sun zo ofishinka, don Allah a haɗa mu da su kai tsaye, a rubuta farashi a takarda kafin tsinka, mai kyau da kuɗinsa daban, kuma matan da suka yi aikin a biya su a hannunsu.

Yanzu in an yi addu'a za mu roƙi mai girma ya ɗan taka zuwa gonar da ke bayan makaranta ya gani da idonsa, matasa a buɗe hanya don Allah, iyayenmu mata kuma sun soya kofin bana sun daka, a ɗanɗana kafin ya huce. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.