Laccar Malam kan labarin halitta a wurin Kirista da 'yan Hindu

Na rubuto wannan ne daga rikodin ɗin wayata, laccar da malaminmu ya yi wa matasa a ƙauyenmu nan ƙasar Rano, ranar Asabar bayan la'asar a gindin darbejiyar firamare. Inda iska ta cinye maganar na tsallake.

Salamu alaikum. Toh samari, abin da ya sa na ɗauko zancen nan, jiya na ji wani a cikinku yana kallon fim ɗin Indiya a waya, ya ga ana rataya wa gunki fure ana kunna masa fitila, sai ya ce ai da su da Kirista duk abu ɗaya ne. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don Kiristan nan Hausawa ne 'yan uwanmu, kasuwa ɗaya muke ci da su, bai kamata a ce ba mu san me suka yarda da shi ba.

Su Kirista labarinsu na cikin Littafin Farawa, shi ne na farko a Littafi Mai Tsarki, wanda tun 1932 aka fitar da shi cikakke da Hausa. Allah ne ya yi komai da umarninsa cikin kwana shida, haske da farko, sannan sama, sannan busasshiyar ƙasa da tsirrai, rana da wata da taurari a kwana na huɗu, kifaye da tsuntsaye, sai dabbobi da mutum a na shida. Ran na bakwai suka ce ya huta. Mu dai mun san gajiya ba ta kama Allah, su ma in ka tambayi masanansu za su ce maka ma'anar ita ce ya kammala aikin. Adamu da Hauwa'u kuwa ba baƙi ba ne a kunnenku.

Amma Hindu fa, wato masu addinin da ya fi yawa a Indiya, ku gyara zama, don su ba labari ɗaya gare su ba. A Rig Veda, mafi tsufan littattafansu, akwai waƙar wani ƙaton halitta mai suna Purusha da aka yi hadaya da shi, rana ta fito daga idonsa, wata daga tunaninsa, malaman addini daga bakinsa, mayaƙa daga hannayensa, 'yan kasuwa da manoma daga cinyoyinsa, masu hidima daga ƙafafunsa, kun ga kenan har rabe-raben mutane an cusa shi cikin labarin halitta, ni kuma wannan ɓangaren gaskiya ba ya min daɗi. A wani labarin Vishnu, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, shi ne kwance kan ƙaton maciji a bisa ruwa, fure ya tsiro daga cibiyarsa, wani allan nasu mai suna Brahma ya fito daga furen ya shiga yin duniya. Akwai kuma wata waƙar a Rig Veda ɗin da mawaƙin ya ƙare da cewa wataƙila wanda ke can sama ya san yadda aka fara, wataƙila kuma shi ma bai sani ba.

Inda nake so ku riƙe shi ne lokaci. A wurin Kirista duniya kamar hanyar nan ce ta Rano zuwa Kano, tana da mafari tana da maƙura, sau ɗaya aka yi ta, mutum sau ɗaya zai mutu sannan tashin ƙiyama da hisabi. A wurin Hindu kuwa kamar damina da rani ne, a shuka a girbe ƙasa ta bushe ruwa ya sake sauka, Brahma ya yi, Vishnu ya kula da ita, allansu Shiva ya rushe, a koma farko. Yini ɗaya na Brahma a lissafinsu shekara biliyan 4 da miliyan 320 ne, zamanin da suke cewa muna ciki, Kali Yuga, shi kaɗai shekara 432,000. Shi ya sa mutuwa ma a wurinsu canjin riga ce, rai ya bar wannan jikin ya shiga wani gwargwadon aikin da ya yi, karma kenan, burinsu kuma su fita daga zagayen nan gaba ɗaya, abin da suke kira moksha. Yawancinsu ƙona gawa suke yi, da yawa su kai tokar kogin Ganga.

Nan wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, Malam da gaske saniya suke bauta wa?

Malam ya ce, ɗana, girmama ta suke yi kamar uwa saboda nonon da take bayarwa, har jihohi da yawa a Indiya sun hana yanka ta. Ga ladan can ya fara, mu je mu yi alwala, mako mai zuwa sai mu taɓa maganar Triniti, wato aƙidar Kirista ta Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.