Sharhi: Gwajin gubar gyaɗa daga bakin buhu yake farawa

Jama'a masu sauraro, a shekarar 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Brazil. A nan duniya ta san aflatoksin, gubar da fumfunar Aspergillus flavus ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara, musamman in fari ya kama shuka ko aka adana kaya da danshi. Hanta take ci, har ta kai ga ciwon daji, kuma suya ba ta kawar da ita.

Ido ba ya ganinta, sai ɗakin gwaji. Can za a niƙa gyaɗar lukwi, a jiƙa ta da sinadarin metanol da ruwa, a tace. Sai a tura ruwan cikin na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadarai, kowanne ya fito a lokacinsa. Gubar tana ƙyallin shuɗi ko kore in aka haska mata wani irin haske, kuma ƙarfin ƙyallin ne ke nuna yawanta. Akwai hanya mai rahusa, ELISA, akwai ma ɗan tsinken gwaji mai ba da amsa cikin mintoci.

Na'urar HPLC ba ta wasa. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya, kuma na'urar tana iya ganin ƙasa da haka.

To amma ga inda gizo ke saƙa: gubar ba ta bazuwa daidai a cikin kaya. Ƙwaya kaɗan ne ke ɗauke da ita, sauran lafiya lau. Wanda ya cusa hannu a bakin buhu ɗaya ya ɗebo tafi guda, zai iya samun takardar gwaji mai kyau alhali motar kayan tana ɗauke da guba. Shi ya sa dokar Turai ta ce babban kaya a ɗebo daga wurare 100, kimanin kilo 20, kafin a niƙa.

Mu kan yi ta kukan rashin na'urori, kuma kukan gaskiya ne. Sai dai a ganina, kafin a sayo wata sabuwa, a fara koya wa masu ɗiban samfur a kasuwanni irin Dawanau yadda ake zagaya buhuna, sama da ƙasa da tsakiya, a kuma hana mai kaya zaɓo abin da za a gwada masa.