Ranar Yasar Rijiya: Lacca Kan Buɗaɗɗiyar Manhaja

Assalamu alaikum. Malamaina, da ku ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Tunda a Daura muke, garin Kusugu, ba sai na koya wa kowa darajar rijiya ba. Kowa na son zura guga, amma ranar yasa sai ka nemi mutane ka rasa. To haka buɗaɗɗiyar manhaja take, wadda aka bar rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili, kowa ya ɗauka ya gyara ba ko sisi. Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 irinta ce, kuma a kanta Android ɗin da ke aljihunka ke tsaye.

Akwai wata 'yar manhajar matse fayil, xz. Mutum guda, Lasse Collin, shi ya yi ta ɗawainiya da ita shekara da shekaru ba albashi, har ya fito ya ce ya gaji. Maimakon a ce masa sannu, sai saƙonnin gori da matsin lamba. Can sai ga wani mai kiran kansa Jia Tan, ya yi wajen shekara biyu yana taya shi aiki har aka sakar masa ragama. Ashe ɓarauniyar hanyar shiga kwamfutocin mutane yake haƙawa a ciki. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfutarsa ta nesa na ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa, jama'a! Ya bi sawu, asiri ya tonu.

Ni ban ga laifin Collin ba. Wanda aka bari shi kaɗai a ƙasan rijiya, duk igiyar da aka jefo masa kamawa zai yi.

Amma mu masu riƙe da irin waɗannan ayyuka ma da namu. Gyarana na farko, harafin ƙ ne da wata manhaja ke mayarwa alamar tambaya. Na sayi data da kuɗin abincina, na jira aka kawo wuta, na tura. Wata huɗu ba wanda ya ce uffan. Saura ƙiris in watsar.

Don haka in yaro ya turo maka gyara, ko waƙafi ne, amsa masa cikin mako, ka kira sunansa, ka sa a jerin masu aikin. In ya yi kuskure, nuna masa layin, kada ka yarfa shi. Ka kuma ware ƙananan ayyuka ka ajiye wa baƙi: fassara zuwa Hausa, rubuta bayanin amfani, gwaji a tsohuwar waya.

Masu laftof kada ku tafi bayan La'asar, za mu buɗe GitHub tare, shafin intanet ɗin da ake ajiye irin waɗannan manhajoji ana tura musu gyara. Malam, na ga hannunka a sama, bismillah.