Kwamitin haɗin gwiwar ma'aikatu: wa za a tambaya?

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro.

Duk wanda ya ɗan daɗe a Abuja ya san yadda abin yake gudana. Matsala ta taso, jama'a su yi ta kuka, sai a fito daga taron Majalisar Zartaswa a ce an kafa kwamitin haɗin gwiwar ma'aikatu. A ƙaddamar da shi, a ɗauki hotuna, a ɗibar masa wa'adi. Daga nan shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Abin da nake so in sani guda ɗaya ne: in aikin bai yiwu ba, wa za a tambaya?

Mu ɗauki ambaliya. A 2022 ruwa ya ci rayuka sama da 600, ya raba mutane fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Shugaba Buhari ya bai wa ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, kwana 90 ya haɗa kai da ma'aikatun muhalli da sufuri da gwamnatocin jihohi su fito da tsarin kare ƙasa daga ambaliya. To, madalla. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Me aka yi? Aka sake kafa kwamitin da zai duba lafiyar madatsun ruwan ƙasar nan. A watan Mayun 2025 kuma ga ambaliyar Mokwa a jihar Neja. Ban ce kwamiti ne ya fasa dam ba, ban kuma ce zai iya tsayar da ruwan sama ba. Amma wancan tsari na kwana 90, a teburin wa yake? Nawa aka ware masa a kasafin kuɗi? Wa za a tambaya?

Na san amsar da za a ba ni: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ambaliya ta shafi ruwa da muhalli da noma da lafiya da hanyoyi, dole a zauna tare. Ai babu wanda ya yi musu. Sai dai ko jinkar ma, akwai mai ɗakin da za a ɗora wa ita, shi ne kuma yake cewa a ɗaga, a sauke.

Kwamitin ma'aikatu ba shi da mai ɗaki. Minista ba ya bai wa minista ɗan'uwansa umarni, tsararsa ne. Kuɗi kuwa kowace ma'aikata da nata layi a kasafi, babu wadda za ta saki kwabo don a yaba wa wata. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati ya taɓa kwatanta mini yadda zaman yake lalacewa. Ranar farko ministoci da kansu, saboda akwai 'yan jarida. Zama na biyu manyan sakatarori. Na uku daraktoci. Kafin a kai na biyar, kowa ya turo wakilin da ba shi da ikon cewa e ko a'a, sai dai ya ce zai koma ya sanar da maigidansa. A sha shayi, a sa hannu a takardar alawus, a watse.

In kuna ganin na cika zafi, ku dubi rahoton Oronsaye. A 2011 Shugaba Jonathan ya naɗa Stephen Oronsaye ya duba yadda za a rage yawan hukumomin gwamnati. A 2012 ya miƙa rahoto, ya ba da shawarar a rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Aka fitar da farar takarda, wato matsayar gwamnati a kan rahoton, a 2014. A 2021 aka kafa wasu kwamitoci biyu su sake dubawa, a 2022 aka kafa wani ya duba aikin waɗancan. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya kafa kwamitin aiwatarwa ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya George Akume, wa'adin makonni 12. Cikin wannan shekara ta 2024 kuma aka ƙirƙiro sabuwar ma'aikatar kula da kiwon dabbobi. Kwamiti a kan kwamiti a kan rahoton kwamiti! Haba jama'a, har yaushe?

Don kada a ce ban yi adalci ba, akwai wanda ya taɓuka. Kwamitin yaƙi da korona da aka kafa a watan Maris na 2020 ya haɗa ministoci da dama, kuma ya yi aiki, ko da an yi ƙorafi kan rabon kayan tallafi. Ina bambancin? Shugaban kwamitin Boss Mustapha da babban jami'in gudanarwarsa Dakta Sani Aliyu suna zama gaban 'yan jarida kusan kullum, a tambaye su, su amsa. An san fuskar da za a nuna da yatsa. Wataƙila tsoron cutar ne ya sa, don ba ta bar manya ba. Allah masani.

Saboda haka in za a sake kafa wani, a gaya mana sunan mutum ɗaya da alhakin ya rataya a wuyansa, a gaya mana kuɗin da aka ba shi, da ranar da zai tsaya gaban Majalisar Tarayya ya yi bayani. Kafin nan kuma, mutanen Maiduguri da Mokwa suna jiran wanda zai fito ya ce tsarin nan na kwana 90 yana hannunsa.